Ina neman horo: yaya ɗalibar da ke magana da allon hotuna za ta samu ƙawaye?

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata firamare a Aboabo, nan Kumasi. A ajina akwai yarinyar da ba ta magana da baki, allon hotuna take nunawa. Da ni muna fahimtar juna sosai. Matsalar tana wajen yara.

Da an fita tara, 'yan mata su kama ampe, wasan tsalle da tafi, ita kuwa tana gefe riƙe da allonta. Kafin ta nemo hoton da take so, sun wuce. Kuma hotunan duk na buƙata ne: ruwa, abinci, bayi. Babu na wasa, babu na tsokana, to da me za ta yi ƙawa? Na haɗa ta da wata mai hankali, sai ta zama kamar yayarta, tana amsa mata komai. Wannan ya fi damuna.

Tun 2015 Gana ke da manufar ilimin bai ɗaya, wato koyar da yara masu buƙata ta musamman tare da sauran yara, amma bitocin da na halarta ba su taɓo abota ba. Don Allah, akwai wanda ya san gajeren kwas kan wannan, a Jami'ar Ilimi ta Winneba ko ta intanet? Wanda ya taɓa koya wa ajinsa duka amfani da allon, yaya ya fara?