Yashi ne ya tsaga bangon ko siminti ne bai ji ba?

Mai gini a Tumfure, Gombe: Salam jama'a, don Allah a raba mu gardama ni da birkilana. Filastar waje da aka min a Disamba, bangon gabas duk ya tsattsage kamar faso, in ka goga hannu gari ke biyo ka. Shi ya kafe wai yashi yashi ne, siminti ke riƙe bango, wai ni na yi ƙoro. Alhali buhun siminti ɗaya, yashi baro 3 muka yi. Yashin dai lallausa ne, daga wani kwari aka kwaso.

Direban tifa: Alhaji ni ina bayan birkilanka. Shekara nawa ina sauke yashi a garin nan, masu filasta da bakinsu lallausa suke nema, in na kai mai gwari-gwari sai su ce na kawo musu na bulo. Ga kamfanin simintin Ashaka nan a Funakaye, siminti bai mana nisa ba, ka ƙara buhu kawai.

Tsohon birkila: Kai direba, kowa ya tsaya a sana'arsa. Suna nemansa ne don yana da daɗin cokali, kana jefawa yana kama bulo kamar tuwo, aiki ya yi sauri a tashi da wuri. To wannan danƙon ba komai ba ne illa laka, ita kuma laka ruwa take sha da yawa, in ta bushe sai ta tsuke ta ja filastar, shi ne tsagar da Alhaji yake gani. Ka ƙara siminti a irin wannan yashin wlh tsagar ƙaruwa take, don kwaɓin da siminti ya yi wa yawa shi ma tsukewa yake. Ni a waje gauraya nake, lallausa mai tsabta da yashin kogi da aka tankaɗe da waya aka fid da tsakuwa. Cikin ɗaki kam sa lallausanka, babu rana babu ruwa. Amma bangon gabas? Nan fa hadari yake fara duka.

Direban tifa: Baba kana magana kamar yashin kogi kyauta ne, ka san man da tifa ke sha kafin ta je ta dawo kuwa?

Tsohon birkila: Na sani ɗana, na kuma san kuɗin sassaƙe bango a sake.

Injiniya: Ku tsaya, abin nan ba sai an yi rantsuwa ba. Alhaji samu gorar ruwa wadda ake ganin cikinta, zuba yashin zuwa rabi, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai ka ajiye kamar awa 3. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta kwanta a samansa. In yashin ya kai santimita 10 lakar kuma ta kusa 1, bai dace da waje ba. Baro 3 a buhu kusan 1:6 ke nan, wato awo 1 na siminti awo 6 na yashi, ni a waje na fi son baro 2 zuwa 2 da rabi, amma ba shi ne babban laifin ba. Tambayata, kwana nawa aka yi ban ruwa? Disamba fa hunturu ne, iska na shanye ruwan kafin siminti ya gama kamawa.

Mai gini a Tumfure: Gsky kwana 2, kun san ruwan sai an saya.

Direban tifa: Toh kun ji! ashe ƙishirwa ce ta kashe bango ake zagin yashi.

Injiniya: Sati guda ya kamata, safe da yamma. Garin da ke bin hannu zai iya zama rashin ruwan ne, amma kar ka yi saurin murna oga direba, a jira gora.

Hajiya daga Pantami: Ni dai kar wanda ya ce masa ya rufe da fenti, mun yi haka a katangarmu, damina ɗaya ya kumbura ya ɓaɓɓako. Alhaji ka bi bangon da makulli kana ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙarar ganga ya riga ya saki bulo, a sassaƙe shi tun kafin ruwa ya sauka.

Mai gini a Tumfure: Na gwada gorar da ragowar yashin. Yashi yatsa 4, laka a sama ta kusa yatsa guda, ruwan ma har yanzu ja ne.

Tsohon birkila: Tura wa birkilan naka hoton.

Direban tifa: Ba ni na kawo wannan lodin ba dai, a shaida.