Ɗana mai otizim yana firgita da ƙarar janareto

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 7, likita ya tabbatar yana da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro yake magana da mu'amala da mutane. Wata uku ke nan, da maƙwabcinmu ya tada janareto sai ya toshe kunnuwa, ya shige ƙarƙashin gado yana karkarwa, har hannunsa yake cizo. Yanzu da an ɗauke wuta yake fara kuka, tun ba a kunna ba. Tuwon dare ma ya daina ci.

Na sa masa auduga a kunne, ya cire ya yar. Na mayar da shi ɗakin baya, duk ɗaya. Babansa ya ce a ƙyale shi zai saba, abin sai gaba yake yi.

Don Allah, ta yaya ake saba wa irin wannan yaro da ƙarar ba tare da tsoronsa ya ƙaru ba?