Wace takarda ce ke jure ninki?

Malamar aji 5, Bolari: Salamu alaikum 'yan zaure. Yarana sun haddace cewa kusurwoyin alwatika uku in an haɗa digiri 180 ne, amma ka tambaye su dalili, sai ido. Na gwada nuna musu da tsohuwar jarida, ninki biyu ta yage, ragowar kuma suka mai da ita jirgin sama. Me kuke amfani da shi?

Mai fotokwafi, Jekadafari: Wa alaikumus salam. Malama, bar jarida. Akwai A4 da inji ya ɓata mana jibge a shago, bayanta fes. Kyauta.

Tela, Pantami: Sai dai A4 ba murabba'i ba ce, milimita 210 da 297 ce. Ki kamo kusurwa ɗaya ki kwantar da gajeren gefen kan dogon, ki yanke rarar. Haka muke fitar da ɗankwali tun kafin mu san sunansa lissafi.

Tsohon hedimasta, Kumo: 'Yata, ga yadda nake yi. Kowane yaro ya yanko alwatikarsa, kada su zama iri ɗaya, dogon gefen a ƙasa. Ya ninko tsinin sama ya taɓa gindi, layin ninkin ya miƙe a kwance kamar gindin. Sai ya jawo kusurwar dama da ta hagu su iske shi. Ukun za su jeru a kan miƙaƙƙen layi ɗaya, ba rata, wato digiri 180. Ke dai ki yi shiru, su za su faɗa da bakinsu. A murza ninkin da farce, in ba haka ba ya karkace.

Ɗalibin injiniya, Tudun Wada: Baba ya gama magana. In sun saba, ki nemi Sonobe a YouTube, salon origami ne na Japan, wato fasahar ninka takarda. Takarda 6 ake sarƙawa, ba gam, ta fito kamar dunƙulen Maggi. Su ƙirga: tsini 8, gefe 12, fuska 6. A haɗa 8 da 6, a cire 12, saura 2. Ƙa'idar Euler ke nan.

Maman 'yan biyu: Ni nawa cewa na yi su ninka A4 biyu-biyu har sau 10. A na 7 falle 128 ya taru, har da sa haƙori. Na samu lafiyar kunne ranar.

Malamar aji 5, Bolari: Allah Ya saka da alheri. Mai fotokwafi, gobe bayan La'asar zan turo ɗan acaɓa. Yara 60 gare ni fa, a cika buhu.