Neman kalma: yaya za mu ce "homon" da ciwon da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali?

Sista Rabi, Idi-Araba:
Salamu alaikum jama'a. Matan Islamiyyarmu ta Agege sun ce ranar Asabar in yi musu bayani kan mantuwar tsofaffi, ni kuwa kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: homon, sitiroyid, da sunan ciwon kansa. Abin da nake so in faɗa shi ne, jiki yana ɗaukar kitsen nan kolestirol ya sarrafa shi zuwa wasu sinadarai, irin su istirojin na mata, testosteron na maza, da kotisol da wasu 'yan ƙullutai a saman ƙoda suke fitarwa idan mutum ya shiga tashin hankali. Waɗannan su ne homon na rukunin sitiroyid, kuma dukkansu suna taɓa ƙwaƙwalwa. In na zuba musu haka, rabin ajin gyangyaɗi zai yi.

Malam Sani mai fassara, Obalende:
Sista, homon ba wuya. Wani likitan Ingila, Ernest Starling, shi ya fito da kalmar a 1905 daga Girkanci, ma'anarta abin da ke zaburarwa. Ana yin sa a wuri ɗaya, jini ya kai shi wani wuri ya isar da saƙo. Ɗan aike ke nan. Ki ce "sinadarin aike".

Hajiya Ladi, Mile 12:
Malam, ɗan aike ya zauna. Amma sitiroyid ai muna da sunansa a kasuwa, sha-ka-fashe.

Sista Rabi:
Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Gaskiya ne cikin ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke haɗiya akwai dezametazon, wanda ke kwaikwayon kotisol, shi ya sa fuska take kumbura kamar alkubus. Wasu mayukan bilicin ma haka. To amma in na ce jikinmu da kansa yana yin sha-ka-fashe, sai su ɗauka guba ce, alhali da su ake balaga, da su ciki yake zama.

Malam Sani:
Tunda tushensu kitse ne, "'yan aiken kitse" fa?

Hajiya Ladi:
Sai ka ce yaran mahauta. Amma za a gane. Sarrafawar kuma ki kawo musu gyaɗa: ita ɗaya ce, a matse mai, a fitar da tunkuza, a toya ƙuli. Duk macen da ke ajin ta san wannan.

Sista Rabi:
Wallahi Hajiya kin gama min aiki, domin haka abin yake, hawa-hawa: daga kolestirol a samu firegnenolon, daga shi sauran su rarrabu. Ƙwaƙwalwa ma tana da tata 'yar matsar man, ba duka take jira daga jini ba. Wani masanin Faransa, Baulieu, ya raɗa wa irin waɗannan suna a 1981.

Saura sunan ciwon, shi ya fi damuna. Kowa "gigin tsufa" yake cewa. Goggona da muke zaune tare, wata rana na tarar ta saka makullin ɗaki cikin tukunyar shinkafa ta rufe, tana tambayata ko jirgin ƙasan Kano ya iso. Shekara biyu muna cewa gigin tsufa ne, ba wanda ya ce a kai ta asibiti, har da ni da nake aikin jinya. Sunan ne ya kwantar mana da hankali.

Baba Alhaji, Agege:
'Yata, kada ki jefar da kalmar iyaye. Gigin tsufa suna ne na mutunci, da shi ake hana yara cewa tsohuwa ta haukace, ko a ce mayya ce.

Malam Sani:
Baba ya yi gaskiya, sai dai Sista rukuni take nema, wanda zai haɗa cutar Alzaima mai sa mantuwa da Fakinson mai sa karkarwa, kuma ba kowane mai shi ne ya tsufa tukuf ba. "Cutar mantuwa" ba ta ɗauki karkarwa ba. "Lalacewar ƙwaƙwalwa" kuwa zagi ne a bakin mutane. Ni "zaizayar ƙwaƙwalwa" nake gani, kamar yadda teku ta riƙa cin gaɓar Bar Beach ta Legas kaɗan-kaɗan.

Hajiya Ladi:
To tunda 'yan aiken mata suna raguwa bayan al'ada ta ɗauke, ba sai mu saya mu sha ba?

Sista Rabi:
Tambayar da nake tsoro ke nan. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na masu Alzaima mata ne, kuma ana zargin raguwar istirojin na da hannu, ban da cewa mata sun fi tsawon rai. Amma da aka gwada a can, sakamakon 2003 ya nuna matan da suka kai 65 da aka ba haɗin istirojin da furojestin (mai kwaikwayon wani ɗan aiken mata), haɗarin kamuwa da ciwon mantuwa ya ninka. Don haka Hajiya, kada kowa ta nufi kemis.

Na ɗauki sinadarin aike, 'yan aiken kitse, da zaizayar ƙwaƙwalwa. Baba, da gigin tsufa zan buɗe maganar don su san inda na dosa. Hajiya Ladi, ki taho min da ƙuli na ɗari biyar ranar Asabar, da shi zan yi misali.