Wane suna za mu ba ruwan da ake zuba wa lagireto?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kalmar da nake so mu tsayar mata da takwara a Hausa ita ce coolant, wato ruwan nan mai launin kore ko ja-ja da ake sayarwa a galan domin sanyaya injin mota. Shi kansa lagireto babu gardama a kansa, domin tuni bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi ya zama namu, kamar yadda tiyo da fanka suka zauna daram a garejin kanikawa. Amma wannan ruwa ba shi da tsayayyen suna: wasu kanikawa suna cewa kulan, yawancin direbobi kuwa ruwa kawai suke ce masa, kuma a ganina wannan gajeren suna yana cikin abubuwan da suke kashe mana injuna.

Idan aka ce wa direba ruwan motarsa ya yi ƙasa, abin da ke kusa da hannunsa zai ɗauka, na rijiya ne ko na burtsatse ko na leda. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Irin wannan ɓawo ne yake taruwa a siraran bututun lagireto, tsatsa kuma ta biyo baya ta cinye fuka-fukan famfon da ke zagaya ruwan. Na tsaya a kan wani bakanike ranar da ya cire kan lagireton motata yana zura siririyar waya a bututu ɗaya bayan ɗaya, abin da ke fitowa jar laka ce kamar ta kududdufi, kuma kusan rabin bututun ko ɗigo ba ya wucewa. Mota mai irin wannan ciki, ga ƙurar hunturu ta toshe saƙar wajen lagireto, ba za ta jure zafin watan Afrilu a hanyar Sakkwato ko Maiduguri ba, inda ma'auni ke haura digiri 40. Allurar ma'aunin zafin inji za ta hau ja, gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke like kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, baƙin mai ya gauraya da ruwa ya koma kamar shayi da madara.

Abin da ke cikin galan ɗin kuwa haɗi ne: yawanci rabi tataccen ruwa, rabi sinadarin etilin gilaikol, sannan a ƙara magungunan hana tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, shi kuwa sai wajen 107, kuma idan murfin lagireto yana riƙe matsi yadda ya kamata, sai ya haura 120 bai tafasa ba.

An kawo shawarwari uku kan sunan da za mu ba shi, kuma na yi nazarin kowacce. Ta farko ita ce "ruwan sanyaya inji". Hausa ce mai kyau, sai dai ba ta raba gardama ba, domin ruwan rijiya ma yana sanyaya inji, kuma mai zuba shi zai ce ai abin da aka ce ke nan. Ta biyu, "maganin daskarewa", an ɗauko ta ne daga ɗaya sunan da Turawa ke kiransa da shi. Gaskiya ne ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kimanin digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ya dami mai mota a Kanada ko Rasha, amma direban Katsina ko Maraɗi da ya ji wannan suna zai ce bai shafe shi ba. Ta uku ita ce mu bar kulan yadda yake. Ban ƙi aro ba, domin lagireto ma aro ne, sai dai kulan ba ya gaya wa mai saye komai game da abin da ya saya.

Ni dai na tsaya a kan "haɗin lagireto". Gajere ne, yaron gareji zai iya kiransa ba tare da harshensa ya sarƙe ba, kuma kalmar haɗi tana sanar da mai ji cewa abu ne da aka auna aka gauraya, wanda famfo ba ya kawowa. Tana kuma buɗe ƙofar tambaya ta gaba, wato wane haɗi ne ya dace da wace mota, domin launi kaɗai ba ya nuna iri, kuma gauraya iri biyu kan iya yin kauri ya toshe hanya. Wani amfanin kuma shi ne cire kalmar ruwa daga sunan abin da yake guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, wanda bai kamata a ajiye shi a gorar lemo inda yara ke wasa ba.

Kanikawan da ke cikinmu, ku jarraba shi a bakin aiki na mako guda, ku ce wa mai mota "haɗinka ya yi ƙasa", sannan ku dawo ku gaya mana ko ya gane ba tare da ƙarin bayani ba. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, waɗanda kalmomin garejinsu suka fi jingina da Faransanci, ina so in ji abin da ake kiransa a Damagaram da Yamai kafin mu rufe wannan batu.