Fedar jita mai sauƙin kuɗi don dile da ribab: me kuka gwada da hannunku?

Daga Yalwa, Bauchi

Barkanku da yamma, 'yan'uwa makaɗa. Shekarata biyu ina kaɗa jita a ƙungiyar waƙa ta cocinmu, kuma kai tsaye nake jona ta a miksa, ba komai a tsakani. Sautin da nake nema shi ne mai shawagin nan, ka taɓa tsirkiya ɗaya ta daɗe tana yawo a iska lokacin addu'a. An ambata mini fedar Strymon BigSky (feda ita ce na'urar da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita), da na ji kuɗinta na san ba yanzu ba. Don Allah wanda ya yi aiki da feda mai haɗa sautuka da yawa a akwati ɗaya, ya faɗa mini yadda suka kwashe.

Daga Tudun Wada, Gombe

Ƙanena, ni Zoom MS-70CDR ce a situdiyona, kuma don irin aikin nan aka ƙera ta. A 2013 ta fito kasuwa, ta zo da sautuka 86, yawancinsu dile ne (mai maimaita sauti) da ribab (mai ba sauti amon babban ɗaki) da koras (mai sa sauti ya yi kauri kamar jita da yawa). Tana ɗaukar har shida a jere, sai dai manyan ribab suna cin ƙwaƙwalwarta, in ka sa biyu masu nauyi ba lallai ka cike gurbin shidan ba. Batir AA biyu take ci, tana da mafita biyu ta sitiriyo. Ranar da na fara jin ta ta sifika biyu, hagu da dama, na fi awa ɗaya ban tashi daga kujera ba.

Maɓallin takawa ɗaya ne tak, don haka a gida ake shirya saiti. Ka sa dile a farko, ribab ya biyo baya, domin kowane maimaici ya samu tasa wutsiyar. Lissafin ma ba wuya: raba 60,000 da saurin waƙar. In bugu 75 take yi a minti, bugu ɗaya milisakan 800 ke nan, kashi uku cikin huɗunsa 600. Sa dile a 600, ka kaɗa a hankali, za ka ji yana cike maka gurbin da ka bari.

Daga Kaltungo

Ɗana, kafin ka sayi komai, je ka tsaya a tsakiyar cocinku babu kowa, ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara. Namu rufin kwano ne, ƙasa siminti, ba silin, ɗakin da kansa yana amsa-kuwwa. Na kwana uku ina gyara saiti da hedifon a kunne, daɗi kamar me. Ranar Lahadi da na taka, sai sautin ya dame kamar kunu. Mai jan waƙa ta waiwayo tana neman inda za ta shiga, ta rasa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na jefa ta cikin wannan halin. Tun daga ranar na rage ribab zuwa ƙasa da rabi, na yanke masa ƙasan sauti, na fi dogara da dile. In jama'a sun cika, jikinsu da tufafinsu suna shanye amon, sai in ɗan ƙara.

Daga Wunti, Bauchi

Yaya na Gombe, ban musa maka ba, amma ka lura ya ce miksa yake shiga kai tsaye. Shi yana buƙatar mai kwaikwayon amfilifaya, in ba haka ba jitar za ta fito siririya a bushe, kome kyan ribab ɗin. Shi ya sa ni na ɗauki Zoom G1X Four, wadda ta fito a 2019. Biyar take jerawa, tana da lufa ta daƙiƙa 30 mai ɗaukar abin da ka kaɗa ta yi ta maimaitawa, ga matakin ƙafa mai ƙara ko rage ƙarfin sauti. Matakin nan shi ne sirrin: ka kaɗa yana rufe, sannan ka buɗe a hankali, sai sautin ya taso kamar na goge, ba a jin bugun yatsa. Boss GT-1 ma tana da shi, amma ta fi tsada.

Kuma ka gwada abu ɗaya a gaban mai sayarwa. Kaɗa, bar sautin yana shawagi, sai ka canza saiti. Masu araha da yawa nan take suke datse wutsiyar. A Zoom akwai wurin da aka rubuta Tail, in ka kunna shi, ko ka kashe dile ɗin a cikin saiti ɗaya, wutsiyar za ta ƙarasa da kanta.

Daga Bolari, Gombe

Ni maganar wutar lantarki zan yi. Fedata ta farko, wata mara suna, adafta ce ta kashe ta. Na saya a kasuwa don na ga bolt 9 a jiki, ban duba zanen da ke nuna gefen nagatif ba. Yawancin fedodin jita tsakiyar bakinsu nagatif ce, adaftocin gida da yawa kuwa akasin haka ne. Na jona, na ji ƙauri, shi ke nan. Yanzu in an tayar da janareta batir nake sawa, har gurnanin da ke bin waya yakan ragu.

Daga Yalwa, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba na Kaltungo, ɗazu na je na tafa, namu ma yana amsawa sosai, musamman ta bayan ɗaki. Na fi karkata ga G1X Four tunda ba ni da amfilifaya. Wani a Jos yana da ta hannu, ranar Asabar zan shiga mota da jitata da wayata da batir huɗu, in taka kowane maɓalli kafin in biya. Yaya na Wunti, in na dawo zan so in kawo ta ka nuna mini yadda kake buɗe matakin nan.