Wane suna za mu ba "masking" da Hausa? Ni dai shinge na zaɓa

1/ Masu haɗa ƙananan samfuran jirage da tankoki na roba, irin na Airfix da Tamiya, ku matso. Masu fentin mota, ku ma da ku. Akwai aikin da Turawa ke kira masking, mu kuma muke ta cewa maskin: a manna abu a kan wurin da ba a so fenti ya taɓa, a fesa sabon launi, sannan a ɗaye. Ya kamata a raɗa masa suna.

2/ Wani ya kawo takunkumi, tunda haka muka kira abin rufe hanci lokacin korona a 2020. A'a. In ka ce ka sa wa fiffiken jirgi takunkumi, sai a zaci Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta hana shi tashi.

3/ Rufewa ita ce ta bakin masu aiki. "Kai yaro, rufe gilashin nan da jarida." Ba laifi, amma rabin aikin kawai ta faɗa, rabin ma mai sauƙi. Kowa zai iya lulluɓe abu. Gwaninta tana bakin layi, inda launi biyu suka haɗu. Ɗauki jirgin yaƙi Spitfire na sojan saman Ingila na 1940: samansa kore da ruwan ƙasa ne, sun shiga juna a karkace, cikinsa kuma launi mai haske. A ma'aunin 1/72, wato jirgin gaske ya ninka samfurin sau 72, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike bai kai santimita 16 ba. In layinka ya goce da milimita 1, a jirgin gaske ya goce da fiye da santimita 7. To kalmar da za mu ɗauka dole ta yi maganar iyaka, ba lulluɓi kaɗai ba.

4/ Wata 'yar uwa mai sana'ar lalle ta ce, "Malam, ai wannan aikinmu ne." Kuma gaskiyarta. Suna yanka salatef da reza, su jera a ƙafa, su shafa jan lalle, in an ɗaye sai zane ya fito tas. Sai dai ƙunshi sunan dukan kwalliyar ne, ba na matakin manna salatef ba, shi ya sa na bar shi.

5/ Shinge ya fi zama. Yana hana abu tsallakawa, kuma shi ne iyakar kanta. Ga shi suna, ga shi aikatau, ba sai an jawo masa wata kalma ta tallafe shi ba. Gwada a baki: "Na shinge fiffiken." "Bari fentin ya bushe kafin ka yi shinge." "Cire shingen a hankali." Babu wanda ya yi nauyi a harshe. An ce mini shinge zama yake yi, wannan kuwa cirewa ake yi. Ai shingen ƙaya na lambun rani ma ba ya shekara.

6/ Shi kansa salatef ɗin takardar don iyaka aka ƙirƙiro shi. A 1925 Richard Drew na kamfanin 3M a Amurka ya fito da shi, bayan ya ga masu fentin mota mai launi biyu suna fama: abin da suke mannawa yana tahowa da sabon fenti in an ɗaye. Mu kira shi salatef ɗin shinge. Na Tamiya, rawayan nan na Japan mai faɗin milimita 6 da 10 da 18, shi masu samfura suka fi yarda da shi, don siriri ne kuma danƙonsa ba ya da ƙarfi.

7/ Daga nan sauran kalmomin suna biyowa da kansu. Shinge mai kaifi: salatef a manne, layi ya fito a miƙe, kamar ratsin fari da baƙi guda 5 da aka yi wa jiragen sojojin ƙawance ranar saukar Normandi a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shinge mai laushi: a murza Blu-Tack, wani danƙo mai kama da cingam da ake manna takarda a bango da shi, kamar igiya, a shimfiɗa a kan iyaka, a fesa daga sama tsaye. Da yake gefensa ya ɗan ɗago, launin sai ya narke cikin ɗan uwansa. Sannan yoyo, wato fenti ya sulale ta ƙarƙashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a danne bakin shingen da tsinken sakace, a fara shafa masa launin da ke ƙasa ya toshe kafofin, sannan a fesa sabon sama-sama, ba a jiƙa ba. Launi mai haske ake fara sawa, mai duhu ya biyo. Kuma kafin ka manna salatef, ka ɗan manna shi a bayan hannunka ya rage danƙo.

8/ Inda ban gamsu ba shi ne Maskol na Humbrol, ruwan roban nan da ake shafa wa gilashin matuƙi da buroshi, ya bushe, a ɓare shi. Ruwan shinge ko shingen ruwa? Na biyun kamar madatsa yake nufi, don haka na fi karkata ga na farko. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, da yake sunayen kayan aikinku ta Faransanci suke shigowa, me masu fenti ke cewa a wajenku?